Ranar da na katse wa ɗalibina magana a gaban manoma

A shekarar 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a yankin Kura, Bunkure da Garun Malam, an haɗa ni da wani matashi da bai daɗe da gama karatu ba, domin in koya masa aikin malamin gona. Ƙannena masu tasowa, wata rana ku ma za a damƙa muku wani, shi ya sa nake so ku ji inda na kuskure.

Wata safiya muna tsaye a bakin wata gona da ke shan ruwan madatsar Tiga, wani dattijo ya tambaye shi abin yi, sai ya ce a ninka maganin feshi. Ban bari ya rufe baki ba na ce, "Kai, ba haka ba ne," sannan na karɓe bayanin gaba ɗaya. Gaskiya ce na faɗa, domin tsutsar tana shigewa cikin naman ganye inda feshi ba ya isa gare ta sosai, kuma yawan maimaita magani iri ɗaya yana sa ta saba da shi. Amma daga ranar manoman suka daina kiransa Malam, suka koma cewa "yaron Malam", shi kuma ya kama bakinsa, ko tambaya ya daina yi mini.

Da na yi haƙuri, da cewa zan yi, "Baba, bari mu duba ganyen tukuna," in tsinko ɗaya in ɗaga shi a hasken rana, in bar yaron ya ga farin tabon da tsutsar a ciki, ya gyara maganarsa da bakinsa. Sauran gyaran kuwa a kan babur ya kamata a yi shi, muna hanyar komawa mu biyu.

Idan aka ba ku wanda za ku koya wa aiki, ku tambaye shi abin da ya gani kafin ku faɗi naku, kuma ku ware masa manoma biyu ko uku da zai riƙa zagayawa shi kaɗai. Ni sai da aka kusa girbin shinkafa na ba shi haƙuri, kuma ko a lokacin ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya amsa mini.