Abin da na koya daga ra'ayoyin makaɗa kan sabbin jitocin Jackson

A shekarar 2022 kamfanin Jackson ya fito da wani sabon jerin jitocin lantarki mai suna American Series, waɗanda ake ƙerawa a masana'antar Fender da ke Corona a jihar Kalifoniya ta Amurka, kasancewar Fender ce ta mallaki Jackson tun 2002. Ta farko a jerin ita ce Soloist SL3, wadda aka yi domin masu kiɗan metal, wato kiɗan nan mai nauyi da ake matsa wa sautin jita har sai ya koma gurnani, kuma farashinta ya haura dala 2,000. A wannan lokacin ina karatu a Birmingham ta Ingila, ina kuma aiki a wani shagon kayan kiɗa, inda nake sauya tsirkiya, ina goge jitoci, ina taimaka wa maigidana a ɗakin gyara da ke bayan shagon. A can na saurari makaɗa suna yanke wa wannan jita hukunci iri-iri, kuma a can na koyi yadda ake auna ra'ayin makaɗi kafin a ɗauke shi ko a ajiye shi.

Ra'ayoyin sun riga jitar isowa shagon. Masu murna suna cewa Soloist tsohon suna ne mai daraja tun 1984, cewa wuyanta itace ne da ya ratsa gangar jikin daga sama har ƙasa maimakon a ɗaura shi da kusoshi, don haka yatsu suna isa ƙarshen wuya ba tare da sun ci karo da tudu ba, kuma ga shi an samu ƙirar Amurka ba sai mutum ya yi oda ta musamman ya zauna jira ba. Masu ƙorafi kuma suna nuna hoton a waya suna cewa daga cikin maɗaukan sauti guda uku da ke jikinta, wato na'urorin maganaɗisu da ke ɗaukar kaɗawar tsirkiya su aika wa amfilifaya, biyu masu naɗin waya ɗaya ne, irin waɗanda ke kwaso tsuwwar wutar lantarki da zarar an ƙara wa amfilifaya ƙarfi, kuma jakinta, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kansa, na Floyd Rose ne, wanda ba ya son a riƙa sauya masa ɗauri, wato matakin sautin da ake ɗaure tsirkiyoyi a kai. Wasu kuma ba su kalli komai ba sai kuɗin, suna cewa jitocin da ake ƙerawa a Indonesiya da Koriya ta Kudu za su yi aikin da ƙasa da rabin wannan farashi. Kowannensu yana magana da cikakken yaƙini, alhali babu wanda ya taɓa ɗora ta a cinyarsa.

Maigidana, dattijo ne da ya daɗe yana gyaran jita, ba ya musu da kowa a kan irin wannan magana. Duk wanda ya ce masa jita kaza ta yi ko ba ta yi ba, tambaya ɗaya yake fara yi masa: "Da wane ɗauri kake kiɗa, kuma wane kauri ne tsirkiyarka?" Sai da na zauna a kan teburin gyara na ga dalilin wannan tambaya, domin kusan duk saɓanin da ke tsakanin masu kiɗa mai nauyi a kan jita yana komawa ga tsaurin tsirkiya. Idan aka sassauta tsirkiya ta sauka da cikakken mataki ɗaya na sauti, kamar daga E zuwa D, tana rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsaurinta, ta yi laushi a ƙarƙashin yatsa, ta riƙa kaɗawa da faɗi har tana dukan ƙarafan da ke jere a wuya, kuma idan aka doke ta da ƙarfi sautin yakan ɗan haura sama kafin ya dawo mazauninsa. Maganin wannan shi ne a sa tsirkiya mai kauri, ko a nemi jita mai doguwar tazara tsakanin jaki da bakin wuya. Tazarar jitocin Gibson inci 24.75 ce, ta Fender da Soloist inci 25.5, yayin da jitocin da aka yi domin ɗauri mai zurfi kan kai inci 27 ko fiye. Wanda ke kiɗa a E da tsirkiya siririya da wanda ke kiɗa a C da tsirkiya mai kauri, ko da sun riƙe jita ɗaya, ba abu ɗaya hannayensu ke ji ba.

Na ga haka da idona bayan jitar ta iso. Wani saurayi da ke kiɗa a wata ƙungiyar unguwa ya ɗauke ta, ya nemi makullin alen ya kwance maƙullan da ke bakin wuya, ya shiga sassauta tsirkiyoyi domin ya kai su ɗaurin da ya saba da shi. Jakin Floyd Rose ba a kafe yake ba: tsirkiyoyi suna jan sa ta gaba, wasu sifirin na ƙarfe da ke ɓoye a bayan jitar suna jan sa ta baya, kuma yana tsayawa daidai ne kawai idan ƙarfin ɓangarorin biyu ya zo ɗaya. Yana sassauta tsirkiya ta shida sai sauran biyar suka haura, yana gyara su sai ta shidan ta sake gocewa, kafin wani lokaci jakin ya kwanta baya cikin raminsa, tsirkiyoyi sun zube a kan ƙarafan wuya suna ƙara mara daɗi. Ya ajiye ta yana girgiza kai, ya ce wannan ba jitar metal ba ce. Bayan mun buɗe murfin baya mun mayar da komai mazauninsa, aikin da ke cin lokaci da haƙuri, sai wani mutum mai furfura da ya taso da kiɗan shekarun 1980 ya zo ya ɗauke ta a ɗaurin da aka ƙera ta da shi, ya yi ta gudu da yatsu har ƙarfe na 24, yana danna sandar jakin sautin yana nitsewa ya dawo daidai ba tare da ya goce ba, sannan ya ce rabonsa da riƙe jita mai daɗin hannu haka an daɗe. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Abin da na ɗauka shi ne, ra'ayin kowannensu bayani ne a kan hannunsa da kiɗansa kafin ya zama bayani a kan jitar, kuma kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Wannan ba sabon abu ba ne, musamman a garin da nake zaune a lokacin. Tony Iommi na ƙungiyar Black Sabbath ɗan Birmingham ne, kuma yana ɗan shekara 17 injin masana'antar ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu na hannun da yake danna tsirkiya da shi. Ya haɗa wa kansa hulunan yatsa da roba, ya koma amfani da tsirkiya siririya, kuma a faifan ƙungiyar na 1971 ya sassauta ɗaurin jitarsa zuwa C# a wasu waƙoƙi, abin da ya rage wa yatsunsa zafi ya kuma ba kiɗan wani duhu da nauyi da makaɗa da yawa suka bi daga baya. Wato tun daga tushe, hannun wani mutum guda da lalurarsa suna cikin abin da ya tsara sautin da ake kira mai nauyi. Idan haka ne, ban ga yadda za a ce jita ɗaya ta dace da metal gaba ɗaya ko ba ta dace ba, alhali a ƙarƙashin wannan suna akwai masu gudun yatsu, akwai masu dukan tsirkiyar ƙasa kawai da gefen tafin hannu a kan jaki, akwai kuma masu tsirkiya takwas.

Wani abin da ya sa na daina gaggawar yarda da hukuncin farko shi ne tarihin jitocin da ake girmamawa a yau. Gibson ya fito da jitocin Flying V da Explorer a 1958, kasuwa ta ƙi su, Flying V ɗin da aka fitar a 1958 da 1959 ba su kai 100 ba, amma daga baya su ne K.K. Downing na Judas Priest da James Hetfield na Metallica suka riƙe a dandamali har siffarsu ta zama alamar wannan kiɗa. Kamfanin Ibanez ya fito da jitar Universe mai tsirkiya bakwai, maimakon shida da aka saba, a 1990 tare da makaɗi Steve Vai, kasuwarta ta yi sanyi bayan 'yan shekaru, sai ƙungiyar Korn ta bayyana a 1994 tana amfani da tsirkiyar ta bakwai wajen gurnanin ƙasa maimakon gudun yatsu, matasa suka shiga neman ta. Masu tsirkiya takwas ma an ɗauke su wuce gona da iri, har ƙungiyar Meshuggah ta Suwidin ta nuna abin da za a yi da su, Ibanez kuma ya fara ƙera su da yawa a 2007. A duk waɗannan, waɗanda suka yi hukuncin farko sun auna sabon kaya ne da kiɗan da suka riga suka sani.

Maganar farashi da ƙasar ƙira ita ce ta fi ɗaukar zafi, kuma a nan ne teburin gyara ya fi koya mini. Na riƙe jitocin Indonesiya da aka gama su da tsafta, ƙarafan wuyansu a goge sumul, na kuma riƙe masu tsada daga kamfanoni dabam-dabam da suka iso wuyansu ya ɗan lanƙwashe saboda sauyin sanyi da laima a hanya. Itace yana motsi, don haka ne aka sa sandar ƙarfe a cikin wuya wadda ake juyawa kaɗan a miƙar da shi. Sau da yawa abin da makaɗi ke kira rashin inganci, tsirkiya ce ta yi nisa da wuya, ko maɗaukin sauti ya matso kusa da tsirkiya fiye da kima, kuma aikin ɗan lokaci ne ya gyaru. Amma ban yarda da masu cewa kuɗin banza ne ba. Abin da kuɗi ke saya a jita mai tsada yawanci ba ya fitowa a hoto: yadda aka daidaita tsayin ƙarafa ɗaya bayan ɗaya, yadda aka kashe kaifin bakinsu don kada su karci hannu, da ingancin ƙarfen jaki wanda bakinsa ba ya cinyewa da wuri. Mai kiɗa a ɗaki sau ɗaya a mako yana iya rayuwa bai lura da waɗannan ba, shi kuwa mai yawon dandamali dare bayan dare yana lura. Saboda haka idan mutum ya ce mini ta yi tsada, nakan so in san ko yana nufin ba ta kai kuɗinta ba ne, ko kuwa yana nufin abin da ta ƙara ba ya cikin buƙatarsa, domin maganganu biyu ne mabambanta.

Akwai kuma musun itace, ko jitar da aka yi da itacen alda ta fi ta itacen mahogani nauyin sauti. A ganina, idan an matsa wa sauti har ya kai gurnanin metal, maɗaukin sauti da amfilifaya da lasifika da hannun mai kiɗa sun fi itacen tasiri nesa ba kusa ba, kuma ban cika tsayawa a kan wannan musu ba.

Maɗaukan sauti kuwa sun cancanci a tsaya a kansu. Ƙorafin da aka yi kan masu naɗi ɗaya yana da tushe, domin tsuwwar da suke kwasowa ita ce ta sa Seth Lover ya ƙirƙiro mai naɗi biyu a kamfanin Gibson a shekarun 1950, inda naɗi ɗaya ke kashe tsuwwar ɗayan. Sai dai na kusa da jaki a SL3 mai naɗi biyu ne na kamfanin Seymour Duncan, kuma shi ne makaɗin metal ke amfani da shi a mafi yawan lokaci, sauran biyun kuwa domin sassan waƙa ne da ake son sauti garau. Wanda kiɗansa ba shi da irin waɗannan sassa yana ganin su kaya ne da ba a buƙata, kuma ya fi son maɗauki irin EMG 81 mai aiki da batir ɗin bolt 9, wanda ke fitar da sauti matsattse mara hayaniya. Na koyi cewa idan zan gwada wa mutum jita, in haɗa ta da amfilifaya irin tasa, a ƙarfin da ya saba, in kuma bar shi ya kaɗa waƙar ƙungiyarsa maimakon abin da kowa ke kaɗawa a shago, domin jitar da ta yi daɗi ita kaɗai a ɗaki tana iya ɓacewa idan ganga da jitar bas suka shigo.

Daga baya Jackson ya ƙara wasu samfura a jerin, ciki har da masu maɗaukan EMG da masu jaki kafaffe wanda ba ya motsi idan an sauya ɗauri, wato ainihin abubuwan da masu ƙorafin farko suka ce babu. Wannan ya nuna mini cewa ƙorafin nasu yana da amfani, sai dai an faɗe shi ne da siffar hukunci a kan jitar alhali buƙata ce ta wani rukuni na makaɗa da samfurin farko bai nufa ba. Tun daga nan, idan mai saye ya zo mini da abin da ya ji wani ya faɗa, nakan tambaye shi ko ya san ɗaurin da mai maganar ke kiɗa da shi, da kaurin tsirkiyarsa, da ko ya riƙe jitar bayan an saita ta ko kuwa daga kwali aka miƙa masa. Idan kiɗansa na sauya ɗauri ne tsakanin waƙa da waƙa, nakan ajiye mai Floyd Rose gefe in ɗauko masa mai jaki kafaffe, ko da ta fi arha kuma ribar shagon a kanta ba ta kai ta ɗayar ba.