Yadda nake lissafa GPA mai nauyi na ɗaliban sakandare a Amurka

Duk lokacin da zan lissafa wa ɗalibi GPA mai nauyi, wato matsakaicin makin darussa wanda ake ƙara wa darussa masu wuya maki a cikinsa, kafin in taɓa kalkuleta sai na nemi ƙa'idar makarantarsa, domin babu tsari ɗaya a faɗin Amurka. Wanda aka fi bi shi ne: A maki 4, B 3, C 2, D 1, F sifili. Darasin AP ko IB, wato darussan sakandare masu zurfi kusan na matakin jami'a, ana ƙara masa 1, na Honors kuma, wanda ya ɗan fi na gama-gari wuya, 0.5. Wanda ya saba da jami'o'in Najeriya ya lura: a yawancinsu kowane A maki 5 ne, a nan kuwa sai darasi mai wuya ke kai 5.

Ga misalin darussa shida. Kimiyyar sinadarai ta AP, B, ya zama 4. Tarihin Amurka na AP, A, 5. Turanci na Honors, B, 3.5. Lissafi na gama-gari, A, 4. Waɗannan huɗu na shekara guda ne, kowanne kiredit 1, wato ƙimar da ake ba darasi gwargwadon tsawonsa. Motsa jiki A da zane C na zango ɗaya ne, rabin kiredit kowanne, sai na ninka makinsu da 0.5, suka ba da 2 da 1. Jimilla 19.5, a raba da kiredit 5, an samu 3.9. Da ba a yi ƙarin ba, 17 ne a raba da 5, wato 3.4.

Wurin rabawar nan ake yawan zamewa. Idan aka manta da kiredit, aka tara makin darussan aka raba da 6, za a samu 3.75, saboda an ba zanen rabin shekara ƙarfin darasin shekara cur. Haka kuma sakamakon jarrabawar AP ta College Board, hukumar da ke shirya ta, mai maki 1 zuwa 5, ba ya shiga wannan lissafi. Makin aji ake ɗauka.

Abin da ya fi damuna shi ne yaron da GPA ɗinsa ya haura 4. Idan ya ɗauki darasin gama-gari, ko da ya ci A, matsakaicinsa sauka zai yi. Wannan kan sa yara su guji kiɗa ko zane da suke so, kuma a ganina asara ce, tunda jami'o'i da dama sake lissafin suke yi da kansu. Jami'ar Kalifoniya, alal misali, makin darussan aji na 10 da na 11 take ɗauka, ba ta kula da alamar + ko - (kamar B+ ko A-), kuma a lissafinta na cancantar shiga ba ta ƙara maki ga darussa masu wuya fiye da na zango 8. Shi ya sa nake rubuta wa iyaye alƙaluman biyu, mai nauyi da mara nauyi, tare da ƙa'idar da na bi.