Godiya bayan rasuwar Innarmu

Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana 7 da Allah Ya yi wa Innarmu rasuwa, sai yanzu na samu ƙarfin riƙe waya. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗaga ba don Allah ku yi haƙuri, wallahi ko na ɗaga kuka ne zai ci ƙarfina.

Na gode wa samarin layinmu, su ne suka ɗauke ta a adaidaita sahu cikin dare da hawan jinin ya buge ta, biyu daga cikinsu suka kwana da mu a barandar asibiti har asuba, ga sauro ga sanyi. Akwai wata nas da ko sunanta ban sani ba, ita ta zauna tana laƙƙana mata kalmar shahada lokacin da na fita neman magani, Allah Ya saka mata da Aljanna. Haka masu haƙan kabari na Ɗandolo da duk wanda ya sa kafaɗa a makara daga ƙofar gida har Goron Dutse.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne matan unguwa. Wanda ya san Inna ya san shekara da shekaru ita ce mai wankan gawa a nan, ko ƙarfe 2 na dare aka buga ƙofa za ta yafa mayafi ta ɗau jakarta mai sabulu da turare da zare da allura ta fita, kuma ko sisi ba ta karɓa, in an matsa mata sai ta ce a ba marayun. To ranar da tata ta zo matan da ta koya wa ne suka yi mata, suna yi suna hawaye, likkafanin ma ashe tun bara ta saya ta naɗe a ƙasan akwati ba wanda ta gaya wa sai Yaya Babba.

'Yan uwanmu na Maraɗi da kuka biyo ta Jibiya kuka iso bayan an dawo daga maƙabarta, mun ga ƙoƙarinku. Maƙwabta da kuka kawo tabarmi da kanofi da kulolin abinci har kwana uku ba a hura wuta a gidanmu ba, da masu turo kuɗi ta waya, Allah Ya bar zumunci.

Sai roƙo. Duk wanda Inna ta ɓata wa ya yafe mata, tana da faɗa in ta ga ba daidai ba amma ba ta kwana da mutum a rai. Wanda yake bin ta bashi ko na naira 50 ne ya zo ya faɗa kar ya ji nauyi. Matan adashe kuma littafin yana wurin Yaya Babba, kuɗinku na nan cif a ƙulle yadda ta bar shi, ku zo bayan la'asar.

Allah Ya jiƙan ki Inna, Ya haskaka kabarinki.