Godiya bayan horon masu jinya a gida

Assalamu alaikum. Mun kammala horon kwana uku da muka shirya wa masu jinyar 'yan uwansu a gida, waɗanda asibiti ta sallamo da cewa a koma a ci gaba da addu'a: masu ciwon daji da ya yi nisa, masu ciwon ƙoda da ba halin wankin ƙoda, da tsofaffin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Ba mu da bakin godiya.

Ranka ya daɗe mai unguwa, mun gode da zauren da ka ba mu. Allah gafarta malam liman, sanarwarka bayan sallar Juma'a ce ta fito da maza, alhali jinya an saba bar wa mata ita.

Babbar godiya ga ma'aikatan jinya da suka durƙusa kan tabarma suka nuna da hannunsu yadda ake juya mara lafiya duk bayan awa biyu: dama, rigingine, hagu, da matashi tsakanin gwiwoyi, wani ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya bar katifa. Gyambon kwanciya a ƙugu, gindin baya da diddige yake farawa. Ja ne ko duhu a fata, ka danna da yatsa bai washe ba. Abin da ke saurin kawo shi kwanciya kan leda tsirara cikin zafi da fitsari, don haka a shimfiɗa zani a kan ledar, ya jiƙe a canza. In gyambon ya buɗe, a wanke da ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita. Banda toka, banda man juye. In yana wari, ƙwayar Flagyl da aka niƙa aka barbaɗa tana kashe warin, kuma wannan warin ne ke korar masu dubiya, ya bar mutum shi kaɗai a ɗaki.

Likitanmu, Allah ya saka da alheri da ka cire wa mutane tsoron mofin na ruwa, maganin kwantar da ciwo mai tsanani. Ana shan sa duk bayan awa huɗu bisa ma'aunin da likita ya rubuta, ba sai ciwo ya taso ba, domin in aka jira ya taso, kwantar da shi ya fi wuya. Yana ɗaure ciki, saboda haka tun ranar farko ake haɗa shi da maganin sassauta bayan gida. A sa shi inda yara ba za su kai ba. Tun 1993 Dakta Anne Merriman ta fara kai wa talakawan Yuganda irin wannan mofin har gida, mu ma ba abin da zai hana.

Iyayenmu mata, mun san daina ɗura wa mara lafiya abinci ya fi komai yi muku ciwo. Amma wanda ya kasa haɗiya, kunun da aka ɗura masa huhu yake gangarawa. A jiƙa masa baki da tsumma mai tsabta, a shafa man kaɗanya a leɓe, a zauna kusa da shi ana karatu a hankali. Sau da yawa yana ji ko da ba ya amsawa.

Teloli da suka ɗinka matasai kyauta, da 'yan adaidaita da suka yi ta jigilar tsofaffi ba su karɓi ko sisi ba, mun gode ƙwarai. Har yanzu muna neman tsofaffin zannuwa, safar hannu da katifu, a kai gidan mai unguwa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.