Bushewar ido da maganin gargajiyar Indiya

Duk mai wuni yana danna waya ko kwamfuta ya san wannan masifar, ido ya bushe yana ƙaiƙayi kamar an watsa masa yashi, don idan ka ƙura wa sikirin ido ƙiftawa tana raguwa sai danshin idon ya ƙafe.

Su Indiyawa sun daɗe da nasu maganin a Ayurveda, wato tsarin maganin gargajiyarsu, ai tsohon littafin Sushruta ma, wani likitansu na zamanin da, cututtukan ido har 76 ya lissafa. Wanda ya fi burge ni shi ne netra tarpana, za a kwaɓa garin wani baƙin wake a zagaye idon da shi, kana kwance rigingine sai a zuba narkakken man shanu mai ɗan ɗumi a ciki, ka riƙa ƙifta ido cikin man na 'yan mintuna. Amma fa masu sana'ar ke yi, ba a gida ba.

Sai triphala, haɗin 'ya'yan itace uku ne, amla da haritaki da bibhitaki, ana sha, wasu kuma su jiƙa su tace su wanke ido da ruwan. To nan ne ni dai na ja baya gaskiya, ruwan jiƙo cikin ido? Ƙwayar cuta ba ta jin wannan tacewar. Kuma a 2004 wani bincike a Boston ta Amurka ya samu dalma da makamantanta masu guba a kusan kashi 20 cikin 100 na magungunan Ayurveda da aka gwada. Idan idon ya yi ja ko yana zafi ko gani ya fara dishi-dishi, likitan ido kawai.