Godiya daga iyalan Mushe

Assalamu alaikum. A madadin Inna da ƙannena, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tako gidanmu na unguwar Birni, ko ya bugo waya, ko ya yi addu'a daga inda yake, tun ranar da Allah Ya karɓi ran Baba har zuwa sadakar bakwai. Ma'aikatan likita da suka yi ta kwana a kansa, maƙwabta da suka zo da tabarmi da tukwane, Allah Ya saka muku da alheri.

Mutanen karkara, ku ne kuka sa mu kuka. Daga yankin Mirya da Magarya kuka taso, wasu a bayan motar kaya, wasu ma ba mu taɓa ganin fuskarsu ba. Baba malamin lakol ne kafin ya shiga siyasa, shi ya sa sunan Mushe, wato "monsieur" da 'yan lakol ke kiran malaminsu, ya bi shi har cikin majalisar jihar Damagaram. An zaɓe shi a 2011, aka sake zaɓensa a Disamban 2020, ya zauna har aka rushe majalisun a Afrilun 2024. Mutane kan ɗauke shi depite, wato ɗan majalisar dokokin ƙasa, su zo da takardar magani da ƙarfe shida na safe. Yakan yi dariya ya ce shi konsaye ne, ɗan majalisar jiha kawai, bakinsa ne jarinsa, sannan ya laluba aljihu. Mu yara, gaskiya, abin yana ba mu haushi.

Maganarsa ba ta wuce biyu: ruwa da aji. Wanda ya tashi a Damagaram ya san layin bido a bakin pampo cikin bazara, ya san yadda 'yan garuwa ke tsada. Ajin zana kuwa, da ruwan farko ya sauka karatu ya tashi, kuma 'yan mata ne ba su dawowa. Wata baiwar Allah ta riƙe hannun Inna ta ce sau uku Baba ya je wurin mahaifinta kan kada a cire ta daga lakol. Yau ungozoma ce. Bai taɓa ba mu wannan labarin ba.

Duk wanda ke bin Baba bashi, ko dala ɗaya ce, don Allah ya same ni a gida bayan la'asar kafin addu'ar arba'in. Wanda ya saɓa wa, ya yafe masa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya mai da kowa gidansa lafiya.