Yadda muka zauna muka karanta Ruwan Bagaja da murya

Duk ɗalibin da ya ɗauki Hausa a makaranta ya san sunan Ruwan Bagaja, littafin Abubakar Imam, ya san taurarinsa Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Amma ka tambaye shi ko ya taɓa karanta littafin daga bango zuwa bango, sai ya hau sosa ƙeya. Abin da ke hannunsa 'yar takardar taƙaitawa ce: jigo kaza, salo kaza, taurari su wane da wane. Ya haddace, ya shiga jarrabawa, ya juye, ya fito. Abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, shi ya sa a hutun da ya wuce na tara wasu 'yan ajinmu a nan cikin birnin Katsina, muka yi shawarar mu karanta shi tare, ba tsallake.

Wurin zamanmu gindin bedi ne a ƙofar gidan kawuna, bayan la'asar. Mutum ɗaya ke karantawa da ƙarfi, saura su rufe nasu littafin su saurara. In an tsaya, sai kowa ya rubuta abin da ya tsaya masa a rai cikin wani babban littafin rubutu da muka saya na kowa da kowa, da kalmominsa, ba na takardar taƙaitawa ba. Ƙanwata da ƙawayenta suna nasu karatun a cikin gida, da daddare a miƙa musu littafin su ma su rubuta.

Abu na farko da muka gane shi ne labarin nan don kunne aka gina shi. Tun daga farkonsa ma, Alhaji Imam da baki yake ba Koje Sarkin Labari labarinsa, jama'a na saurare. Wanda ya bi shi da ido kawai zai wuce wurare da yawa bai ji komai ba. Amma da mai karatu ya sauya murya ya zama Zurƙe, ya ja magana inda ake ja, ya dakata inda ake dakatawa, sai ka ga har masu wucewa sun rage sauri. Akwai wani abokinmu mai kunyar magana a aji, a nan muka gano duk ya fi mu iya fitar da muryar mai wayo.

Kawu da fari daga nesa yake jin mu, yana jan carbinsa. Ran nan, da muka kai inda Alhaji da Zurƙe suka sake yin kiciɓis a wani gari, kowa na neman rama abin da aka yi masa, sai ya matso da buzunsa ya ce, "Ɗana, ai wannan tafiyar Maƙama ce." Na ce, "Wace Maƙama, Kawu?" Ya ce ta Hariri, wadda suka karanta a zaure wurin malaminsu. Ya bayyana mana cewa maƙama hamsin ce, kuma a kowace mai ba da labari, Harisu ɗan Hammamu, yakan isa wani gari ya tarar da Abu Zaidi ya sake kama yana yaudarar mutane da zaƙin baki. Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a 1122. Daga baya na ga manazarta ma sun yi magana kan wannan dangantaka. Abin da ya burge ni shi ne Kawu bai taɓa shiga ajin adabi ba, kunnensa ne ya ba shi. Tun daga ranar, duk kalmar da ta shige mana duhu shi muke kai wa, kuma sau da yawa amsarsa na zuwa da wani labarin a bayanta.

Wannan ya sa muka koma neman wanda ya rubuta littafin. An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, sannan ya koyar a makarantar Midil ta nan garin. Yana wannan koyarwa ne aka shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933, ƙarƙashin Hukumar Fassara da ke Zariya wadda Rupert East ke shugabanta. Littattafai biyar suka fito daga gasar: Ruwan Bagaja, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa. Ka lissafa: Imam yana da kimanin shekara 22 a lokacin. Da yawanmu mun kusa kai haka. Muka je tsohon ginin Kwalejin, wanda aka buɗe a 1922 kuma yanzu gidan tarihi ne, muka shiga ɗakunan ƙasar nan masu kaurin bango. Zuwan ya canza yadda muke kallon marubucin. Da, dattijon Gaskiya Ta Fi Kwabo muke gani, jaridar da ya zama editanta a 1939. Yanzu muna ganin saurayi malamin makaranta da ya san tatsuniyar gida, ya san littattafan Larabci, ya haɗa su ya fitar da abin da ba a saba gani da boko ba.

Gardama mafi zafi a kan halin Alhaji aka yi ta. Ƙanwata ce ta tayar da ita a rubuce. Ta ce mutumin nan ya fita ne don kare mutuncin Liman, wanda aka yi wa dariya a fada da ya ce Ruwan Bagaja zai warkar da ɗan sarki, to amma a hanya ƙarya nawa ya yi, mutum nawa ya cuta? Ta yaya za a kira shi gwarzo? Wasu suka ce niyyarsa ce abin dubawa. Wasu suka ce Zurƙe ma bai fi shi laifi ba, bambancinsu kawai Alhaji ne ke riƙe da bakin labarin, shi ke zaɓar abin da za mu ji. Ni ra'ayin ƙarshen nan na fi karkata gare shi, kuma ina ganin tambayar yarinyar nan ta fi duk abin da ke cikin takardun da muke haddacewa nauyi. Har muka rufe littafin ba a daidaita ba, shafukan gardamar kuwa sun fi na komai yawa.

Ga masu son gwadawa: kada zama ya yi tsawo har kunne ya gaji, gara a tashi ana marmari. A yi rubutun nan take, don in aka kwana, abin da wani ya faɗa kan shafe naka. Kuma a zauna inda dattijo zai iya ji.

Hutu mai zuwa, in Allah ya kai mu, Ganɗoki za mu ɗauka. Bello Kagara yayan Imam ne, shi ma a Katsina ya yi rayuwarsa har ya zama Wali, muna son mu ji yadda bakin wa ya bambanta da na ƙane. Kawu ya riga ya ce shi zai buɗe karatun ranar farko.